Me ake nufi da "keep a tight rein on"?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum malamai. Ana yawan cewa "keep a tight rein on" a labaran Turanci, wani lokaci a kan mutane, wani lokaci a kan kuɗi. Mece ce ma'anarsa, kuma yaya ake sa shi a jimla? Wasu kuma "reign" suke rubutawa. Wanne ne daidai?

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Daga hawan doki maganar ta fito. "Rein" ita ce igiyar linzamin da mahayi ke riƙewa. In ya ɗame ta, doki ba ya sukuwa, ba ya kuma karkata sai inda aka nufa da shi. To haka ake nufi a kan mutum: a sa masa ido sosai, a hana shi yin gaban kansa.

A jimla, "on" ke biyo baya, sannan wanda aka riƙe: "The coach keeps a tight rein on his players." Ana iya juyawa a ce "keeps his players on a tight rein". Kurakurai biyu ne ke cinye wa ɗalibai maki: jefar da "a", da sa "of" a gurbin "on".

Mai Fassara:
Malam ya gama magana. 'Yar'uwa, "rein" ce daidai, babu "g". "Reign" zamanin mulkin sarki ne. Furucinsu ɗaya, har da "rain" ta ruwan sama, shi ya sa kunne ba ya rabewa. Rikicin ya fi yawa a kishiyar maganar, wato "give free rein", don mutum sai ya ɗauka sarauta aka ba wani, alhali linzami aka saki.

Wajen fassara a duba abin da aka riƙe. In mutane ne, "ya ja musu linzami". In kashe kuɗi ne, "tsuke bakin aljihu" ya fi zama. "Free rein" kuwa "an sakar masa mara".

Hajiya Malama:
A kula da 'yan uwanta biyu. "Rein in" ana faɗinsa ne bayan mutum ya riga ya fara wuce gona da iri, sai a dawo da shi. "Keep on a short leash" kuwa igiyar kare ce, akwai ƙasƙanci a ciki. Don Allah kada a rubuta shi a takardar ofis game da ma'aikaci, balle babba.