Neman shawara: ma'ajiyar kayan fatsa a bayan kwale-kwalen roba

Ɗan Rano:
Assalamu alaikum. Na sayi kwale-kwalen roba na hannu, irin na mutum ɗaya da ake zama a samansa, ina fita fatsa da shi a dam ɗin Tiga. Damuwata ita ce kaya. Sandunan fatsa uku, gwangwanin tana, ƙugiyoyi, wuƙa, gorar ruwa, duk a tsakanin ƙafafuna suke. Da tarwaɗa ta kama, sai zare ya sarƙe da filafili. Akwai wani faffaɗan gurbi a bayan wurin zama. Tunanina in kai wa mai walda ya haɗa mini ɗan teburin ƙarfe, in huda jikin jirgin in ɗaure da noti. Ko akwai wanda ya taɓa yi?

Baba Na Yauri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bar maganar ƙarfen nan. Ƙaramin jirgi ba ya son nauyi a sama. Duk abin da ka ɗaga ya wuce ƙugunka kana zaune, shi zai taya igiyar ruwa kifar da kai ranar da iskar hadari ta taso, ka kuwa san iskar farkon damina ba ta sallama. Mu nan tafkin Kainji, tun da aka datse ruwan a 1968 kututturan itatuwa suke kwance a ƙasa. Jirgin da kayansa suke a shimfiɗe, in ya gogi kututture sai ya yi tangaɗi ya daidaita. Mai tulin kaya a sama kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Kaya mai nauyi ka sa shi a ƙasa, a tsakiya, dab da bayanka. Kuma ka sa rigar da ke hana nutsewa ko ka iya iyo.

Mai Famfo:
Gaskiyar Baba. Malam, kada ka huda. Robar jiragen nan irin ta tankin ruwa ce, gam ba ya kama ta, in ramin ya fara yoyo ka shiga uku wajen toshe shi.

Ga yadda na yi nawa. Kiret ɗin lemo na samu, na yanke 'yan ɗakunan kwalaben da zarto ya zama fili. Na je Ƙofar Ruwa na sayo fayif ɗin roba mai inci ɗaya da rabi, na yanka gida uku, kowanne kamar kamu ɗaya da rabi. Na goge bakinsu da sanfefa don kada su ci zare, na ɗaure su a bangon baya na kiret da igiyar roba ta masu wayarin, sama da ƙasa. Ka ɗan kwantar da su baya, in suka miƙe tsaye sandunan za su riƙa karo da filafili duk sanda ka juya. A gindin kowane fayif na soke noti a gicciye, sanda ta zauna a kai, ruwa kuma ya zube. Noti ka nemi wanda ba ya tsatsa.

Shi kansa kiret ɗin, a gurbin bayan wurin zama na ajiye shi, tub ɗin tayar babur na tsaga na ɗaure shi ta kusurwa huɗu a maɗauran da suka zo da jirgin. Ba ya motsi ko kaɗan. Rana tana sa fayif ya bushe ya riƙa tsagewa, don haka ka shafa masa fenti.

Ɗan Rano:
Allah ya saka da alheri, Baba, na fasa waldar. Mai Famfo, ƙugiyoyi da wayar hannu fa?

Mai Famfo:
Robar man shafawa mai murfin murɗawa, ka ɗaure ta da igiya a jikin kiret. Kowace sanda ma a sa mata gajeriyar igiya. Kafin ka shiga zurfi, ka loda kayan a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka zauna ka juya baya ka zaro sanda. In jirgin ya karkata, ka matso da kiret ɗin gaba.