Neman shawara: Baffa da tafiyar yashi a tsibirin Gberefu

Assalamu alaikum. Mu bakwai ne daga Sakkwato, wata mai zuwa za mu sauka Alaba Rago a Legas. Mun ware rana ɗaya mu je Badagry tare da ɗan jagora, har mun ba shi kafin alƙalami. Zai kai mu ginin nan da ake kira bene na farko a Najeriya, wanda aka gina a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan mu tsallaka ruwa zuwa Gberefu, inda a da ake fitar da bayi zuwa jiragen ruwan Turawa.

Matsalar Baffa ce. Shekarunsa 74, gwiwarsa ta dama tana kumbura in ya yi tafiya mai nisa, ko masallacin unguwa sai da sanda. Bayan an sauka daga kwale-kwale kuma akwai tafiyar ƙafa cikin yashi kafin a kai bakin teku. Shi kuwa saboda wurin nan ya yarda ya biyo mu, bai taɓa ganin teku ba.

Na kira ɗan jagoran sau uku. Ya ce ba ya raba ayari, kuma kuɗi ba ya dawowa. Na ce a fara da Gberefu da sanyin safiya, ya ce cunkoson hanya ba zai bari ba. Keken guragun da muka aro kuwa, na gwada shi cikin yashin bayan gidanmu, tayoyin suka nutse.

Don Allah wanda ya taɓa zuwa: ana samun ɗan kabu-kabu a tsibirin da zai ɗauki dattijo daga bakin kwale-kwale har bakin teku ya dawo da shi?