Gwal ɗin gado: ya kuka yi kuka san kuɗinsa?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum. Hajiyarmu ta rasu wata huɗu ke nan. Bayan sadakar arba'in aka buɗe adakarta, muka tarar da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. A Makka ta sayo su, hajjinta na fari. Mu bakwai ne, kuma malamin da zai raba gado ya ce sai an san kuɗinsu. Babu rasit. Ni dai ba na son sarƙar nan ta bar gida, da ita na santa kowace sallah. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba mu haske.

Wata uwargida, daga Kaduna:
Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, kafin ki je ko'ina, duba bakin maƙalin sarƙar da cikin awarwaron, akwai 'yar lamba. Ita ke nuna karat, wato ma'aunin tsantsar gwal: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 kuma karat 18. Na Saudiyya yawanci 21 ne. Ni da kyamarar waya na ga ta mahaifiyata, don ido bai iya karanta ta ba.

Wani magidanci, daga Zariya:
Bari in faɗa miki abin da har yau yake ci mini rai. Lokacin da Innarmu ta rasu, ni aka ba wa kayanta in kai kasuwa, ni kaɗai. Shagon farko da na shiga mutumin ya ɗora a sikeli, ya juya fuskar sikelin wajensa, ya faɗi kuɗi. Na ji kuɗin da yawa, ga zafin rashi, na karɓa na taho. Ban tambayi giram nawa ba, ban tambayi nawa ake sayen giram a ranar ba. Da ƙanwata ta tambaye ni a gida, bakina ya mutu. Ban ce ya cuce ni ba, Allah ne masani. Amma zargin da ya shiga tsakanina da 'yan'uwana ya fi shekara bai wanke ba, kuma ni na ja wa kaina. Ku je ku biyu ko uku, mace da namiji, ku shiga shago uku, a auna a gabanku, ku rubuta.

Ɗan gidan maƙera, daga Maraɗi:
'Yar'uwa, lamba kaɗai ba hujja ba ce, ana buga ta a jabu. Mahaifina yakan goga kayan a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen. In zanen ya tsaya, gwal ne; in ya ɓace, to a sake dubawa. Maganaɗisu ma ba ya kama gwal, sai dai tagulla ma ba ya kama ta, don haka kar ki dogara da shi.

Lissafin ba wuya. Awarwaro mai giram 20 da lamba 875, wato kashi 875 cikin 1000 gwal ne, tsantsar gwal ɗinsa giram 17.5 ne. Farashin duniya kuwa da oza ake faɗarsa, oza ɗaya giram 31.1. Sannan ki shirya ranki: mai saye zai cire nauyin duwatsu, kuma kuɗin aikin da marigayiya ta biya ba ya dawowa.

Wata baiwar Allah, daga Jos:
Mu tamu ta zo daban. 'Yan kunnen da kakata take ɓoyewa kamar ranta, da aka gwada sai ga shi ruwan gwal ne kawai aka yi musu, irin wanda ake ce wa GL. Na yi kuka, ba don kuɗin ba, don ta rasu tana ganin ta bar mana abin arziki. Suna nan a wurina, ba wanda ya ja.

Wani dattijo, daga Katsina:
'Yata, ba dole ne a sayar ba. Abin da muka yi a gidanmu, an yi wa kayan ƙima a rana ɗaya, wadda take son zoben ta ɗauka a cikin kasonta, ta cika wa sauran abin da ya hau. Amma da yardar kowa, kuma malami ya tsara muku yadda biyan zai kasance, don cinikin zinari hannu da hannu ne. Kar a yi ƙima yau a raba bayan wata uku, farashin ba ya zama wuri ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Jiya muka je Kasuwar Rimi, ni da Yaya da autarmu. Duka 875 ne, kuma awon shago ukun ya zo ɗaya, a kuɗin giram ne suka ɗan bambanta. Muka ɗauki na tsakiya. Sarƙar ta haura kasona, Yaya ya ce in biya cikon ranar rabo, kuma na tanada. Awarwaron za a sayar. Ɗankwalin ba wanda ya yi maganarsa, sai autarmu ta ce a bar mata, har yanzu yana ƙamshin turaren Hajiya.