Rawar ruwan ma'auni a injin busar da shinkafa: me kuka gani?

Mai injin gumi, Kura: Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu aiki da injin busarwa irin wanda fanka ke hura iska mai zafi ta ƙarƙashin faranti mai ƙananan huji, har shanshera ta tashi tana ɓararraka kamar tukunya a kan wuta. Na ɗaura lanƙwasasshen tiyo da ruwa a ciki don auna matsin iska a ƙasan farantin. Ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya, sama da ƙasa yake yi babu tsari, alhali fanka lafiyarta ƙalau. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Daga Auyo: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ni rawar ba ta dame ni ba, ranar da ta tsaya ce hankalina ya tashi. Da kaka aka kawo mana gumi daga wajen turarawa kai tsaye, jiƙe sharkaf, ƙwayoyin na manne da juna. Muna zubawa ruwan tiyo ya daina motsi, ya ma ɗan sauka. Da muka leƙa, ashe iskar ta huda wa kanta rami a gefe tana wucewa salin alin, sauran shinkafar na zaune a dunƙule. Ta bakin ramin ta bushe ƙayau har ta tsattsage, a wajen casa ta fito karyayya, ta tsakiya kuwa da danshinta. Yanzu sai ta sha iska a tamfol kafin mu loda.

Ɗalibar injiniyanci, Wudil: Alhaji, abin da ka gani alamar lafiya ce. Da zarar iska ta ɗauke nauyin hatsin gaba ɗaya, ƙara mata ƙarfi ba ya ƙara matsin sosai. Rarar iskar sai ta zama kumfa, su tashi, su haɗe, su fashe a sama, kowace fashewa kuma tana girgiza matsin. Mun gwada da yashi a bututun gilashi, da na'urar da ke ɗaukar awo sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Ido na ganin hargitsi, amma hargitsi ne mai ƙa'ida: ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba a farko yakan girma, har ba mai iya cewa ga inda matsin zai kai bayan 'yan daƙiƙu, duk da haka fasalin rawar baki ɗaya ba ya canzawa muddin yanayin hatsin bai canza ba. Masu bincike a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan sun yi aiki sosai a kan wannan tun shekarun 1990, har suka fito da hanyar kwatanta rawar yanzu da ta lokacin lafiya. Ta haka ake gane an fara dunƙulewa tun matsakaicin awo bai nuna komai ba.

Baba makanike, Bunkure: 'Yata, ni kunne ne na'urata. Idan gangar injin siririya ce aka cika mata lodi, kumfa ɗaya ke cika faɗinta, ta ɗaga shinkafar duka ta sake: dum, dum, a jere. Wannan ba alheri ba ne, a rage lodi. A kuma bambance da janareta: in shi ne ya ja baya, ruwan a hankali yake sauka, muryar fanka ma ta canza.

Tsohon ma'aikacin tukunyar tururi, Haɗejiya: Inda na yi aiki ɓuntu muke ƙonawa a cikin yashi mai motsi, zafi wajen digiri 800. Sinadarin fotashiyam na tokar kan narke da yashin ya yi danƙo. Allurar ma'auni ta rage rawa kafin mu ga komai, bayan an kashe wuta muka fasa dunƙulen da guduma.

Mai injin gumi, Kura: Allah Ya saka da alheri. Injiniya, mu da ba mu da na'urarku fa?

Ɗalibar injiniyanci, Wudil: Ka manna rula a jikin tiyon, ka ɗauki bidiyon minti biyu da waya ranar da aiki ke tafiya daidai, ka ajiye don kwatance. Ruwa na da nauyin jiki, yana haɗiye girgiza mai sauri, don haka a gajarta tiyon, a kuma riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe bakinsa.