Neman kalma: me za mu kira "sunglasses" na masu gudu?

1/ 'Yan'uwa, a taimaka mu tsayar da kalma guda. Abin da Turawa ke ce wa sunglasses, musamman irin wanda masu gudun fanfalaki da masu motsa jiki ke sawa a cikin rana, me za mu riƙa kiransa da Hausa? A baki kowa "baƙin gilashi" yake cewa. Ni kuwa ina ganin wannan suna yana cutar da mai saye, kuma ga dalilina.

2/ Duk wanda ka ce wa baƙin gilashi, ka koya masa cewa baƙin shi ne aikin. Sai ya shiga kasuwa ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan, ya zaɓi wanda ya fi duhu, ya biya ya tafi, hankalinsa kwance cewa ya tsare idonsa. Alhali duhu daban, kariya daban. Abin da ke yi wa ido lahani a cikin rana wani haske ne da ido ba ya gani, shi ne ake rubutawa UV. Gilashi yana iya yin baƙi ƙirin wannan haske ya ratsa shi, wani kuma ga shi fari tas amma ya tare shi. Abin ma ya fi haka: idan duhu ya rufe ido, 'yar ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar ido ƙara buɗewa take yi don ta samu haske. To in gilashin duhu ne kawai ba kariya, kai da kanka ka wangale wa cutar ƙofa.

3/ Kuma ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan haske cikin abubuwan da ke kawo yanar ido, da kuma naman nan da ke tsirowa a farin ido yana rarrafowa zuwa baƙin. A ma'aunin ƙarfin wannan haske da hukumar ke aiki da shi, daga 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe na haɗari. Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram duk suna tsakanin digiri 12 zuwa 14 ne arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar kansu sau biyu a shekara, kuma da tsakar ranar bazara ma'aunin yana kaiwa wannan mataki. Mai tafiya a ƙasa yana iya raɓewa gindin bishiya. Mai gudu kuwa sa'a guda ko biyu zai yi yana fuskantar fili.

4/ Akwai ma sunan da samari ke faɗa, "no rispet". Shi ya fi damuna. Ya mai da abin alamar rashin kunya, wato ka rufe ido ka kalli babba. Gaskiya ne, idan za ka gaida dattijo sai ka cire, wannan ladabi ne kuma ba mu son ya ɓace. Amma saboda wannan suna akwai matasa da mata da ke fita gudu da safe suna jin nauyin sawa, kada unguwa ta ce sun zama 'yan gayu. Muna buƙatar sunan da zai nuna cewa kayan lafiya ne.

5/ Ga abin da aka kawo zuwa yanzu: madubin rana, gilashin rana, laimar ido, garkuwar ido, tabaran rana.

6/ Madubin rana ba zan tsaya a kansa ba. Madubi ya riga ya ɗauki kaya da yawa, na duba fuska, na mota, na likita, kuma mai jin "madubin rana" zai zaci wanda ake haska rana da shi ne. Garkuwar ido ma haka, ta fi dacewa da abin da mai walda ke rufe fuska da shi.

7/ Gilashin rana yana da magoya baya, don ya fi kusa da abin da baki ya saba. Matsalarsa biyu. Ta farko, a yau da sola ta cika rufin gidaje, "gilashin rana" yana iya nufin farantin sola. Ta biyu ita ce ta fi: na gudu mai kyau ba gilashi ba ne sam. Wata roba ce mai tauri da ake kira folikabonet. Ba ta da nauyi, ba ta tarwatsewa idan mutum ya yi tuntuɓe ya kifa ko tayar mota ta cillo tsakuwa, kuma ita kanta tana tare hasken UV. Idan muka ce gilashi, mai saye zai ƙwanƙwasa ya ji roba ne ya ajiye, ya ɗauki na kwalba, wanda shi ne bai kamata a yi gudu da shi ba.

8/ Laimar ido wani Malaminmu ne ya kawo ta. Allah gafarta Malam, a cikin duka ita ta fi daɗi a kunne, kuma na so ƙwarai a ce ita muka ɗauka. Sai dai laima daga sama take tarewa, inuwa take bayarwa, ka ga mun koma kan maganar duhu. Hasken nan kuma ba ta sama kaɗai yake zuwa ba. Yana dawowa daga ƙasa, busasshen yashi ma yana maido kusan kashi 15 cikin 100 nasa, yana kuma shigowa ta gefen fuska. Aikin laima hula ce ke yin sa, Malam, kuma mai gudu yana buƙatar hular ma. Mu bar wa mawaƙa laimar ido.

9/ Ni dai na tsaya a kan tabaran rana. Tabarau ba ta da wata ma'ana sai abin sawa a ido. Ba ta ce baƙi ba, ba ta ce kwalba ba. Tana kuma ɗauke da mutunci, don da tabarau muka san tsofaffinmu suna karatun Alƙur'ani, ba wanda zai ji ta ya tuna da rashin kunya. Wata Yayarmu ta tambaya ko "tabarau na rana" ya fi daidai. Yaya, duka biyun Hausa ne. Amma yadda muke cewa kyan gani daga kyau, kiban maharbi daga kibau, haka tabarau ke zama tabaran. Gajeren shi zai fi zama a baki.

10/ Daga nan sai ta haifi 'ya'ya ba wahala: tabaran karatu, tabaran rana, tabaran gudu. Na ƙarshen yana buƙatar sunansa don ƙirarsa daban take. Yana lanƙwasowa ya bi zagayen fuska ya toshe gefe, wanda ke hana haske da iska da ƙura shiga, kuma duk wanda ya yi gudu a hunturu ya san yadda ƙura ke cika ido. Yana da roba a karan hanci da bayan kunne, don kada gumi ya sa ya riƙa zamewa kana turawa da yatsa. Yana da 'yan kafofi ko rata a sama, iska na wucewa kada tururin gumi ya dusashe shi. Irinsa za ka gani a fuskar masu gudun Marathon des Sables, da ake yi a Saharar Maroko tun 1986, tafiyar kusan kilomita 250 cikin rairayi. Ƙaramar shawara ga na hunturu: a ɗauraye ƙurar da ruwa kafin a goge, goge ta a bushe da bakin riga shi ke karce shi.

11/ Shi kansa UV fa? An ce mu fassara shi kai tsaye, "bayan shunayya". Masu koyar da kimiyya za su iya amfani da wannan a aji, amma ba zai gaya wa mai saye komai ba. Wani ya ce "zafin rana", wannan kuwa kuskure ne, don ba zafi ba ne, ranar da aka yi lumshi gari ya yi sanyi ma yana ratso gajimare. Ina ba da shawarar ɓoyayyen hasken rana. A rubuce kuma a bar UV400 yadda yake, tunda shi za a nema a jikin kayan. Ma'anarsa tabaran yana tare wannan haske har zuwa nanomita 400 a ma'aunin tsawon zangon haske, wato ya haɗa nau'o'i biyun da ke isowa ƙasa, UVA da UVB. Kowa na iya buga takardar ya manna, shi ya sa ya fi kyau a saya wurin masu aikin ido.

12/ Duhun kuma mu ba shi sunansa, matakin duhu, daga 0 zuwa 4 kamar yadda ake bugawa a hannun tabarau masu inganci. Mataki na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, shi ne na ranarmu. Na 2 ya isa ga mai fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Na 4 ya yi duhu da yawa, an hana tuƙi da shi, kuma mai gudu a bakin titi ba zai ga rami da wuri ba.

13/ Saura biyu. Wanda ake ce wa polarized, aikinsa yanke ƙyallin da ke tasowa daga kwalta da ruwa da jikin motoci, sai mu ce mai kashe ƙyalli. A lura, kashe ƙyalli ba tare ɓoyayyen haske ba ne, kowanne sai an duba shi da kansa, kuma yana iya sa allon waya ko na agogon gudu ya yi duhu idan ka karkata hannu. Wanda ke sauya duhu da kansa kuwa an kawo "hawainiya", kuma na karɓa hannu biyu, tabaran hawainiya. Sai dai a gaya wa mai saye gaskiya, irin wannan a yanayin sanyi ya fi yin duhu, zafi yana hana shi kaiwa iyakarsa. Wanda zai yi gudu a Sakkwato cikin watan Afrilu gara ya ɗauki tsayayyen mataki na 3.