Katin shaida zai hana zagin launin fata a intanet?

Maganar da ake ja a kai: da za a tilasta wa kowa nuna katin shaida kafin ya buɗe shafi, da zagin baƙaƙen fata a kafofin sada zumunta ya mutu murus.

Malam Tukur: Ni ina bayan wannan magana. Ku tuna daren 11 ga Yuli 2021 a filin Wembley, da Italiya ta doke Ingila a bugun fenariti a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta Turai. Rashford da Sancho da Saka, 'yan wasan Ingila baƙaƙen fata, suka ɓarar, kafin gari ya waye an cika musu Instagram da hoton biri da ayaba. Saka shekararsa 19 a lokacin. Wanda ya san sunansa da fuskarsa na manne da rubutunsa ba zai yi haka ba.

Barista Hadiza: Ranka ya daɗe, ai wannan wasan ne ya karya hujjar. A watan Agusta Twitter ta ce ta goge saƙo 1,622 a lokacin wasan da awa 24 bayansa, kuma kashi 99 cikin 100 na shafukan da ta rufe ana iya gano masu su.

Malam Tukur: Barista, kamfani ya san lambar wayarka daban, maigidanka a wurin aiki ya ga sunanka daban. Kunyar jama'a nake nufi.

Barista Hadiza: Na yarda da wannan bambancin. To amma ina hukuncin? 'Yan sandan Birtaniya sun ware saƙo 207 da suka kai laifi. Guda 34 daga cikin ƙasar suka fito, 123 daga waje, aka kama mutum 11 a zagayen farko. Ko kana riƙe da katin mutum, ba za ka kamo shi daga wata ƙasa ba. Kuma an gwada abin da kake so. Koriya ta Kudu ta kafa dokar sunan gaskiya a 2007. A 2011 aka sace bayanan mutum miliyan 35 daga shafukan intanet na ƙasar, Nate da Cyworld, a 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar, don ba a nuna mata zagin ya ragu yadda zai biya asarar ba.

Injiniya Sale: Ku biyun kuna kallon mai zagi, kun bar injin da ke raba zagin. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna Facebook na ba kowane motsi maki. Alamar babban yatsa maki 1, alamar fushi da 'yan uwanta maki 5, tsokaci mai tsawo maki 30 bayan canjin tsarin da suka yi a 2018. Yawan maki ke sa a ɗaga rubutu sama. To me ke jawo dogon tsokaci kamar cin mutunci? Sai a Satumba 2020 suka mayar da makin fushi sifili. Inji ba ya bambance wanda ya shigo don ya zagi Saka da wanda ya shigo kare shi, duk cinkoso ne a wurinsa. Shi ya sa mai yaɗa zagin da niyyar la'antarsa yake yi wa mai zagin talla kyauta.

Ummi: Injiniya, ƙara da matattarar da ke tace zagi a Instagram. Jerin kalmomin batsa take bi, hoton biri kuwa ba kalma ba ne. Mutane sun kai ƙara a daren, aka ba su amsa cewa bai saɓa ƙa'ida ba, har shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya amsa cewa na'urarsu ta riƙa ɗaukar wasu a matsayin marasa illa. Sannan 'yan siyasa sun riga sun jiƙa ƙasa. A farkon gasar, ministar cikin gida ta Birtaniya a lokacin, Priti Patel, ta kira durƙuson da 'yan wasan ke yi don adawa da wariyar launin fata siyasar nuni, ta ce masu yi musu ihu suna da zaɓinsu. Da ta fito tana la'antar zagin, ɗan wasan Ingila Tyrone Mings ya ce mata ita ta hura wutar.

Malam Tukur: To a naɗe hannu ke nan?

Ummi: A'a, Malam. Akwai Limits a Instagram, wanda ke ɓoye tsokaci da saƙon duk wanda ba mabiyi ba ne ko sabon mabiyi. A kunna shi kafin a busa tashi, don ambaliyar a awannin farko take zuwa. A Hidden Words kuma a zuba alamomin biri da ayaba da hannu.

Barista Hadiza: Kuma kafin a kai ƙara a ɗauki hoton allo da ke nuna sunan shafi, adireshinsa da lokaci, don da an goge shaida ta tafi. Dokar Birtaniya ta 2023 ma kamfanin ta riƙe wa wuya: Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, na iya cin sa tarar fam miliyan 18, ko kashi 10 na cinikinsa na duniya in ya fi haka.

Malam Tukur: Tarar na gamsu da ita. Batun kunya dai ban janye ba.