Tabarau zai iya maye gurbin gawa a ajin likitanci?

Ɗalibar aji biyu: Ni dai ina nan kan bakana, feɗe gawa ya kusa zama tarihi. Jami'ar Case Western da ke Cleveland a Amurka da tabaran HoloLens na Microsoft take koyar da sassan jiki. Kana sakawa sai ga hoton jikin mutum tsaye tsakiyar aji, kana ganinsa kana ganin abokanka. Ka ɗage fata, ka ɗage tsoka, ka zagaya ka leƙa bayan zuciya. Da korona ta rufe makarantu a 2020, har gida aka aika wa ɗalibai tabaran, karatu bai tsaya ba.

Likitan tiyata: Ƙanwata, mutumin cikin tabarau kullum shi ne, tsaf-tsaf, jijiyar jini ja, ta laka rawaya. Na kan tebur ba haka Allah Ya yi shi ba. Wani jijiyarsa ta rabu tun sama, wani ta bi ta inda littafi bai ce ba, ga kitse ya lulluɓe komai. Hannu ne ke gane tauri da laushi, kuma da hannu ake tiyata.

Ɗalibar aji biyu: Ranka ya daɗe, wane hannu? Mu fa gungu guda muke zagaye gawa ɗaya. Na gaba su yanka, mu na baya warin fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, kawai muke sha, ido na hawaye. Jijiyoyin hammata sai a waya na gane su.

Malamin anatomi (ilimin sassan jiki): Nan kam ta yi gaskiya. Yawancin gawarwakin da ake samu a Nijeriya waɗanda ba a zo nema ba ne, mutanenmu ba sa ba da jikinsu, ga batun hurumin mamaci. Amma 'yata, HoloLens 2 dala 3,500 aka sa masa, kuma a 2024 Microsoft ta daina ƙera shi. In ya lalace fa?

Ɗalibin aji huɗu: Malam, ai waya ma tana ɗora hoton a kan tebur, ba sai tabarau ba.

Likitan tiyata: Ku duba da daddare, ban hana ba. Da safe ku zo ku riƙe wuƙa.

Ɗalibar aji biyu: To Likita, a ƙaro mana gawa, ko a rage mu a tebur.